Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana: ina aka kai tarihin Adar da aka rubuta?

  Yau tarihin takarda za mu taɓa: wa ya rubuta labarin ƙasarmu, ina aka kai shi aka ajiye, kuma ta wace ƙofa ɗan Adar zai shiga ya karanta abin da aka faɗa a kansa.

Abin da ya tayar da maganar wani ɗanmu ne da ya zo hutu daga jami'a. Yana shekarar ƙarshe, an ce ya rubuta kundin kammala karatu, wanda ƴan lakkwal ke ce wa memwar, shi kuma ya zaɓi ya yi nasa a kan aikin farfaɗo da ƙasa na Keita. Yana da dalili, don mahaifiyarsa na cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka a wancan aiki. Muna zaune da shi a gindin bedi yana latsa salula, sai ya ci karo da wata maƙala da masana suka rubuta a kan tuddan da ya taso yana kiwo a cikinsu. Ga sunan maƙalar, ga sunayen marubuta, ga taƙaitawa ta layi goma. Da ya danna don ya buɗe sauran, sai aka ce ya biya dala 40. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Sama da jika ashirin ke nan, kusan kuɗin buhun hatsi, a kan takarda ashirin.

Da ya gaya wa tsohuwar, sai ta riƙe haɓa ta ce: "Mu munka ɗauki duwatsun, kai kuma sai ka biya kahin ka ji labarin?" Aka yi dariya, amma maganar ta zauna mana a rai. To bari mu koma baya mu ga yadda aka yi aka zo nan.

Mu fara da zamanin da littafi ke tafiya a bayan raƙumi. Ƙasarmu tana tsakanin Agadas da Gobir da Sakkwato, hanyar ayari ce, kuma duk inda fatake suka bi, malamai da gafakarsu na biye. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya karantar a Agadas, ya je Makka, ya zauna a Alƙahira gaban Murtada al-Zabidi ya karɓi ijaza, sannan ya ƙare rayuwarsa a nan ƙasar Madawa. Ku duba nisan da mutum ɗaya ya taka a ƙasa don ya ɗebo ilimi ya kawo gida.

Ɗakin karatu na wancan lokaci shi ne zauren malam, littattafan suna cikin gafaka ko adaka. In kana son littafi sai malam ya yarda da kai, ya ba ka aro bisa amana, ka zauna da alƙalami da tawada ka kwafe shi da hannunka, wata biyu, wata uku, ka mayar. Ashe dai tun asali ilimi yana da mai tsaron ƙofa. Sai dai mai tsaron na wancan zamani maƙwabci ne. Ka san gidansa, ya san ubanka, kuma abin da za ka biya shi ne ladabi da hidima da noman gonarsa.

Daga nan sai baƙi suka fara zuwa da nasu alƙalamin. A 1824 wani Bature, Clapperton, ya sauka Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya koma da wani yanki na littafin Bello, Infaƙul Maisuri, mai bayanin ƙasashen wannan yanki, aka fassara shi aka buga a Landan a 1826. Tun daga ranar, labarin ƙasashenmu ya fara samun gida na biyu a wajen da ƙafarmu ba ta zuwa.

A 1898 Faransa da Ingila suka zauna suka raba mu a kan taswira. Suka ɗora tsinke a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara iyakar. Don a kafa ta a ƙasa aka turo tawagar Kyaftin Tilho, wadda ta yi aiki daga 1906 zuwa 1909. A cikinta akwai wani tafinta mai jin Hausa, Landeroin, wanda ya riƙa zama da sarakuna da dattawa yana tambayar asalin garuruwa da jerin sarauta, har da na Adar da Kwanni da Gobir. An buga sakamakon a Paris tsakanin 1910 da 1914. A 1936 kuma wani hafsa, Yves Urvoy, ya fitar da littafin tarihin al'ummomin Nijar.

Ban da waɗannan, kowane kumandan yana rubuta rahoto: yawan mutane, yawan dabbobi, kuɗin haraji, shekarar fari, shekarar fara, wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe. Takardun suna hawa daga bariki zuwa babban birni, wanda Damagaram ce kafin a mayar da shi Yamai a 1926, daga can zuwa Dakar, daga Dakar zuwa Faransa. Shi ya sa har yau wanda ke son bin diddigin wata rigimar sarauta ko iyakar gona ta zamanin Nasara, sai ya nemi gidan ajiyar takardun ƙasa a Yamai, ko na Dakar, ko na garin Aix-en-Provence. Kakanninmu suka ba da labarin da baki, a kyauta, aka rubuta shi da harshen da ba sa ji, aka kulle a inda ba sa zuwa.

Bayan samun mulkin kai a 1960 abin ya ɗan matso. A Yamai, cibiyar binciken da Faransawa suka kafa a 1944 ita ce ta rikiɗe ta zama IRSH, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni. Marigayi Boubou Hama ya tattara rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami daga sassan ƙasa, yau akwai wajen 4,000 a can. Cibiyar tana da jerin littattafai da ake kira Études nigériennes, kuma a cikinsa ne, a shekara guda, 1975, littattafai biyu suka fito a kanmu. Ɗaya na Farfesa Djibo Hamani ne, kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, inda ya bi labarin Agabba ɗan Sarkin Agadas da kafuwar sarautar Adar. Ɗayan na wata Bafaransa ce, Nicole Echard, wadda ta zauna cikin ƙauyukanmu ta rubuta tarihin manoman Adar kamar yadda su da kansu suke ba da shi. Yau jami'ar Tawa sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a Tamaske ko Karofane ko Bangi, mutum nawa suka taɓa riƙe littafin nan nasa a hannu?

Ba tarihi kaɗai aka rubuta ba. A shekarun 1960 masanan ruwa na wata hukumar Faransa mai suna ORSTOM sun kafa ma'aunai a koramun Adar Dutsi da Majiya, suna auna ruwan sama da ambaliya da yawan ƙasar da ruwa ke kwashewa. Sai fari na 1973 ya zo, duniya ta waiwayo. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, ƙasar Buza, tare da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, layi biyu-biyu, tsakanin wannan da wancan mita 100, don a karya iskar da ke binne shuka. Masu bincike suka zo suka auna, suka samu hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Labarin Majiya ya shiga littattafan koyar da aikin daji a ƙasashe da dama.

Sai kuma 1984, shekarar yunwar da dattawa ke kira El-Buhari. A shekarar ne aka fara babban aikin Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM tana ba da abinci a madadin lada. Maza sun tafi bida, don haka mafi yawan masu aikin mata ne. Su suka haƙa ramuka a kan tuddai, suka jera duwatsu, suka tare koramu. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. A cikin shekara kusan ashirin an farfaɗo da hekta wajen 35,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18. A kan wannan aiki an rubuta rahotanni da kundaye da maƙaloli da Faransanci da Italiyanci da Ingilishi, an ɗauki hotunan tauraron ɗan'adam ana gwada da da yanzu. A 2015 wata masaniya, Benedetta Rossi, wadda ta yi shekaru tana zuwa Keita, ta fitar da littafi a maɗaba'ar Jami'ar Kambirij mai suna From Slavery to Aid, kan tarihin aiki da mulki a Adar daga 1800 zuwa 2000.

Kun ga ke nan ba a rasa rubutu a kanmu ba. Ƙasarmu tana cikin wuraren da aka fi bincika a duk Sahel. Rijiyar cike take.

To ina gugan? A ƙasashen da suka riga mu, gugan talaka shi ne ɗakin karatu na jama'a, bibliyotek, wanda hukuma ke riƙewa da kuɗin haraji, kowa ya shiga ba tare da an tambaye shi ɗan wane ne ba. Ingila ta yi dokarsa tun 1850. A wajenmu, a nan Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970, kuma ita ce daga 1986 ta fara buɗe ƙananan ɗakunan karatu a garuruwan karkara na Afirka, waɗanda ake kira CLAC. Nijar ta samu nata, jiharmu ta Tawa ma ta samu. Da yawa daga cikin malaman makaranta da ma'aikatanmu na yau a irin waɗannan ɗakuna suka fara aron littafi su kai gida. Alherinsu ba ya ɓoyuwa. Sai dai abin da ke kan kantocinsu littattafan hira ne, da na makaranta, da ƙamus, da jaridu, da wasannin yara. Mujallun bincike ba su zo ba, don kuɗinsu ya fi ƙarfin irin wannan ɗaki.

A nan sai mu tsaya mu fayyace mece ce mujallar bincike, don mai saurare ya gane abin da ake sayarwa. In masani ya gama bincike, ba littafi yake fara yi ba. Yana rubuta maƙala ya aika wa mujallar fanninsa, mujallar ta ba wasu masana biyu ko uku su tantance, su ce a gyara nan, a ƙara hujja can, ko a yi watsi da ita. Wadda ta tsallake ita ake bugawa. An fara wannan al'ada ta mujallu a 1665, ɗaya a Paris ɗaya a Landan. Da tafiya ta yi nisa, manyan kamfanonin ɗab'i suka mallaki mafi yawansu, kuɗin ya riƙa hawa har jami'o'in Turai da Amurka suna kuka, balle namu.

Da intanet ta zo a shekarun 1990, sai aka kwashe mujallun aka zuba a manyan rumbunan kwamfuta. Wani rumbu mai suna JSTOR, da aka kafa a Amurka a 1995, ya bi tsofaffin mujallu shafi-shafi ya ɗauki hotonsu tun daga fitowa ta farko. A ɓangaren Faransanci akwai Cairn, da aka buɗe a 2005. Rumbu irin wannan, ka rubuta kalma ɗaya ya zaƙulo maka duk inda ta fito a cikin miliyoyin shafuka, cikin ƙiftawar ido. Aikin da zai ci wa Malam Jibrilu shekara a kan hanya, yau kafin shayi ya tafasa an gama.

Amma rumbun yana da kwaɗo. Ku ɗauke shi kamar abonma na talabijin: faranti na kan soro, akwati na ɗaki, wuta ta zo, amma in ba a biya na wata ba, allo baƙi. Bambancin shi ne abonman rumbun bincike ba mutum ɗaya ke biya ba. Jami'a ko ɗakin karatu ke biya na shekara, a madadin duk mutanensa. A garuruwan Amurka da Kanada, mutum yana zuwa ɗakin karatun garinsu ya yi kati, a ba shi lamba. In ya koma gida ya buɗe shafin ɗakin karatun, ya zaɓi rumbun da yake so, ya sa lambar katin da kalmar sirri, ƙofa ta buɗe. Wasu rumbunan kuma sai ka zo ka zauna a kan kwamfutar ɗakin karatun, don rumbun yana gane layin intanet na gidan da ya biya. A Ingila tun 2014 akwai irin wannan tsari a ɗakunan karatu na jama'a: ka shigo da ƙafarka, ka karanta maƙalolin da jami'o'i ke biya da tsada. Tela da direba da malamin firamare duk hakkinsu ɗaya da farfesa, matuƙar sun riƙe kati.

Yanzu sai tambayar da ta fi damunmu: mu fa? A nan akwai labari mai daɗi da mutane da yawa ba su sani ba. A watan Janairu 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla da manyan kamfanonin ɗab'i shida suka buɗe wani shiri mai suna Hinari, da mujallun likitanci wajen 1,500, don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2003 FAO ta biyo da AGORA na noma da kiwo. A 2006 aka yi OARE na muhalli, a 2009 ARDI na fasaha da ƙirƙira, a 2018 GOALI na shari'a. Duka biyar yanzu suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, Research4Life, da dubban mujallu da littattafai. An raba ƙasashe gida biyu, masu biyan kuɗi kaɗan da waɗanda ba sa biyan ko tamma, kuma Nijar tana cikin na kyauta. Haka ma JSTOR, a 2006 ya yafe kuɗin shiga ga jami'o'i da cibiyoyin Afirka waɗanda ba na neman riba ba.

Sai dai ku riƙe wannan da kyau, don nan ne gizo ke saƙa: ba a ba mutum ɗaya mabuɗin. Ma'aikata ake ba. Waɗanda suka cancanta su ne jami'o'i, makarantun koyon sana'a irin na aikin jinya da noma, cibiyoyin bincike, gidajen likita, ofisoshin gwamnati, ofisoshin malaman gona, babban ɗakin karatu na ƙasa, da ƙungiyoyin gida masu zaman kansu. Shugaban ma'aikatar ko mai kula da takardunta ya cika takardar rajista a shafinsu, in an amince a aiko da suna da kalmar sirri, ma'aikata da ɗalibai da masu zuwa karatu a wurin su yi amfani da su. Ku duba jerin nan da kyau. Akwai likita a Madawa, akwai a Buza, akwai a Keita. Akwai ofishin noma, akwai na gandun daji, akwai ƙungiyoyi. Abin da ya rage shi ne wani ya zauna ya cika takarda. Kuma mabuɗin amana ne, kamar aron littafin malam: ba a watsa kalmar sirri a WhatsApp, don in aka ga ana shiga da ita daga ko'ina, ana iya rufe wa ma'aikatar gaba ɗaya.

Wanda ba shi da ma'aikata kuma, kada ya ce an bar shi a rana. Akwai rumbunan da ba su da kwaɗo ko kaɗan. Hukumar ORSTOM da muka ambata, wadda tun 1998 ake kira IRD, ta zuba dubban tsofaffin rahotanninta a rumbunta mai suna Horizon, har da na auna ruwan koramunmu, kowa ya sauke. Persée yana da tsofaffin mujallun Faransa na tarihi da al'adu, inda ake samun rubuce-rubucen masanan da suka zauna a Adar. Gallica, na babban ɗakin karatun Faransa, yana da littattafai da taswirorin zamanin mulkin mallaka. FAO tana da nata rumbun rahotanni. AJOL, da aka fara a 1998, ya tara mujallun da ake bugawa a Afirka, da yawansu a buɗe. Shi kansa JSTOR yana barin mutum ya yi rajista da sunansa ya karanta har maƙala 100 a wata a kan allo, ko da ba zai sauke ba.

To in ƙofa ta buɗe, yaya ake nema? Nan ma sai da dabara, don sunayen garuruwanmu suna da ƴan'uwa a duniya. Ka rubuta Keita kaɗai, sai a kawo maka Modibo Keita shugaban Mali na farko da Salif Keita mawaƙi. Ka rubuta Bouza, sai a kawo maka wani abin sha na Misira da sunayen mutanen Sifen. Ka rubuta Niger, sai ga Najeriya, ga kogin Kwara, har da wata fumfuna da masana suka laƙaba wa wannan suna. Magani shi ne a haɗa kalmomi: Keita da Tahoua, Bouza da Maggia, Madaoua da Tarka da kalmar albasa da Faransanci. A tuna kuma kowane Bature da yadda kunnensa ya ji. Faransawa suna rubuta Ader, masu Ingilishi Adar. Majiya tana fitowa a matsayin Maggia, Majjia ko Majia. Madawa tana nan a Madaoua da Madawa. Wanda ya gwada rubutu ɗaya ya tsaya, rabin rumbun ya gani. In kana son kalmomi biyu su fito a jere, kamar Ader Doutchi, sai ka sa su tsakanin alamun zance.

In sakamako ya fito, kada a yi saurin saukewa, mega tana da tsada. A fara karanta taƙaitawar, a duba shekarar, a duba ko marubucin ya zo wurin da kansa ko daga nesa ya hango. In maƙalar ta yi, a je ƙarshenta a duba jerin littattafan da ta dogara da su, don nan ne sawun sauran yake. In ta zo da kwaɗo, a kwafi sunanta a sa a Google Scholar, sau da yawa akwai wani kwafi a buɗe da marubucin ya ajiye a rumbun jami'arsa ko a HAL. In duk ya faskara, a rubuta wa marubucin wasiƙa da ladabi, adireshinsa na kan shafin farko. Masana da yawa suna murna su ji ɗan garin da suka yi bincike yana neman aikinsu. Matambayi ba ya ɓata.

Wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa ƴaƴanmu: abin da ke cikin rumbu ba saukakke ba ne. Landeroin a fada ya zauna, waɗanda ke kusa da sarki ya ji, kuma kowane gida yana ba da tarihi ta inda zai fi shi kyau, balle a gaban baƙon da ke da ikon naɗi da tuɓewa. Kumandan yana rubuta abin da zai faranta wa na sama da shi. Mai rahoton aiki yana son a sake ba da kuɗi. Don haka a karanta, a gwada wannan da wancan, sannan a zo a zauna gaban tsofaffi a ji nasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ke gabanmu ke nan, kuma ba ya son jinkiri. Ɗakin karatun gari, in ya samu farantin hasken rana, kwamfuta biyu, layin intanet da mutum ɗaya da aka koya wa nema, ya isa ya zama guga ga gunduma guda. Wannan magana ce ta magadan gari da ƴan majalisarsu lokacin tsara kasafi, da ƴaƴanmu na waje masu gina masallatai da azuzuwa, Allah Ya saka musu. Shugabannin likita da na noma su bincika ko ma'aikatarsu tana da rajista, in babu su yi. Ungozoma da ke fama da mai naƙuda a Garhanga, da malamin gona da ke neman maganin ruɓewar albasa a kwarin Tarka, su ne suka fi kowa buƙata. Rahotannin tsofaffin ayyuka da ke jibge a kabad gara na ci, a ɗauki hotonsu kafin su zama ƙasa. Kuma tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wanda ya karanta ya juya shi da Hausa da Tamajak ya kai gidan rediyon gari, don waɗanda aka rubuta labarinsu su ji da kunnensu.

Shi dai ɗan namu, da ya koma makaranta ya je wajen mai kula da ɗakin karatu, abin da bai taɓa yi ba a shekara uku. Ashe mabuɗin na nan a aljihun tebur, ba mai tambaya. Ya sauke maƙalar bai biya ko dala ba, ya haɗa da wasu goma sha. Da ya dawo hutu na biyu ya zauna yana karanta wa mahaifiyarsa yana fassarawa. Tana ji tana gyaɗa kai, har ya zo inda aka ce mata sun fito aikin ne da ra'ayin kansu don kishin ƙasarsu. Sai ta ɗaga hannu ta ce: "Dakata. Kishi akwai shi, amma rubuta cewa yunwa ta hiddo mu. Rumbu babu komi, mazan sun tahi, abincin da aka ba mu shi munka kai ma ɗiya." Ta gyara masa sunan wani tudu da aka rubuta ba daidai ba, ta lissafa masa matan da suka yi aiki tare, ta ce cikin goma saura su uku.

Ya kunna salula ya naɗi muryarta, ya sa maganarta a cikin kundinsa kusa da ta masanan. Sauran biyun ma ya ce zai je ya same su kafin damina.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu ga damina lafiya. Sai wani jiƙon.